Injin Wanke Kwanonin Hajiya da Kitsen Ragon Layya

Kashegarin Babbar Sallah da hantsi aka kira ni wani gida a Yantala, wai injin wanke kwanoni yana tsayawa a tsakiyar aiki. Sana'ata gyaran firigo da injin wanki, kuma a Yamai duk wani abu fari mai igiyar kuran, wato wutar lantarki, mu ake ɗora wa. An ce mini matsalar ba ta taka kara ta karya ba, don haka na tafi da shaddar sallata a jiki.

Na tarar da Hajiya bisa kujera a ƙofar ɗakin girki, ta riga ta gama nata binciken. Ɗanta ne ya aiko mata da injin daga Faransa, maƙwabta suka zo kallo, to me ya rage? Baki ne.

"Hajiya, a wane lokaci yake tsayawa? Da farko, ko bayan ya ɗan jima?"

"Ɗana, ina ruwan baki da lokaci?"

Ni kuwa duk aikina a wannan tambaya yake. Injin nan bi da bi yake aiki: ya sha ruwa, ya watsa, ya dumama, ya zubar, ya sake sha. Inda ya tsaya, nan ciwon yake. In ya tsaya a mintocin farko yana gurnani, ruwa ne bai ishe shi ba. Akwai lokacin da aka ƙayyade masa ya cika, in ya wuce sai ya haƙura. Na rufe famfo, na kwance tiyon da ke kai masa ruwa, na tara bokiti. Ana son kamar lita 10 a minti ɗaya, kuma galibin injinan nan ba sa yarda da ƙarfin ruwan da ya gaza rabin bar. A unguwannin da famfo ke tsiyaya lokacin zafi, sau da yawa nan zancen yake ƙarewa, sai a ɗaga shato, wato tankin ruwa, sama ko a sa injin ƙara ƙarfin ruwa. Na Hajiya ya cika bokiti da wuri. A bakin tiyon akwai ƴar rariya da ba ta fi kwabo faɗi ba, na zaro ta da filaya, na ga yashi ya ci rabinta, na goge da tsohon buroshin haƙori na mayar.

Sai kuran. Abin dumama ruwan, wanda muke kira rezistans, yana jan wajen wat 2000, shi ya sa injin da yake mutuwa daidai lokacin da ruwa ya fara zafi ake duba wutarsa tukuna. An jona na Hajiya a wata siririyar ralonji, wato igiyar ƙarin soket, tare da firigo da tukunyar dafa shayi, bakin soket ɗin har ya yi baƙi. Na ba shi nasa soket na bango shi kaɗai. Mita ta nuna volt 220 da ɗoriya, rezistans kuma ta ba ni om 27 (om shi ne ma'aunin yadda take turje wa wuta), lafiyarta ƙalau. Mai wat 2000 tsakanin 25 da 30 take bayarwa, in ta ƙone ba ta nuna komai. Na jijjiga ƙofa kuma, don akwai ɗan makunni a cikin sakatarta, ko hannun tukunya ya tokare ƙofar injin zai ɗauka buɗewa aka yi ya tsaya cak.

Muka kunna. Ya sha ruwa, ya watsa, Hajiya ta fara murmushi, ƴan aikinta biyu suka fara ɓata rai. Da lokacin zubar da ruwa ya yi, sai gurnani ba motsi.

Na cire shi daga kuran, na buɗe, na ja kwandon ƙasa. Ruwa ne kwance launin romo, yana ƙamshin ragon da aka gasa jiya a bakin titi. Matatar tana tsakiyar ƙasan injin, ana murza ta hagu a zaro. Da ta fito, wallahi ba a ganin ramukanta: kitse ya daskare fari fat, ya haɗe da ɓarɓashin tuwo da yauƙin miyar kuɓewa, ya zama kamar sabulun salo. Waɗanda suka ƙera injin nan da farantin da aka ci burodi da ɗan ganye suka gwada shi, ba su taɓa haɗuwa da tiren layya ba. Kitsen rago da ya huce sai ya daskare, shirin gaggawa mai ɗumin digiri 45 kuwa ba ya iya masa.

Na kwashe ruwan da kofi da soso. Ƙarƙashin matatar akwai ɗan murfin roba, a bayansa ƴar farfelar famfon da ke tura ruwa waje, wadda ya kamata ta juya da yatsa. Ta ƙi. Na zura yatsu biyu na fito da ƙwallon dabino, da tsinken sakace, sai na uku ya gaishe ni da kansa: guntun fasasshen kofin shayi.

"Kin ga bakin, Hajiya," na ce, ina naɗe yatsa da tsumma.

"To wa ya kai dabino can in ba baki ba?"

Na mayar da komai, na miƙe tiyon fitar da ruwa da ya lanƙwashe a bayan injin, na jona. Yanzu kuma famfon ya kama aiki ya ƙi tsayawa, injin ya ƙi shan ruwa. Wannan alama ba ta da biyu. A can ƙasa akwai faranti mai tare yoyo, da ɗan tulluƙin farar roba mara nauyi. In ruwa ya taru ya ɗaga shi, injin zai toshe shigar ruwa ya yi ta zubarwa. Na dubi ƴan aikin. Ƙaramar ta sunkuyar da kai ta ce jiya sabulun injin ya ƙare, sun zuba masa omo cikin ludayi. Omo da sabulun ruwa na wankin hannu kumfa suke yi, kumfar ta bi ta gefen ƙofa ta gangara cikin farantin. Sabulun injin, gari ne ko ƙwaya, da gangan aka yi shi mara kumfa.

Maganin shi ne a cire kuran, a janyo injin, a kishingiɗa shi baya kamar digiri 45 ruwan ya fita, a bar shi ya bushe. Mai gadi ya riƙe sama, ni na durƙusa ina duba ƙasa. Ban san shi da "kishingiɗa" ba su taɓa gamuwa ba. Ya banƙare injin gaba ɗaya, ruwan omo da ragowar romon da ke cikin tiyo suka sauka a cinyar shaddata har cikin aljihu.

"Sannu ɗana," in ji Hajiya. "Ka ga ai ya fara wanki."

Da farantin ya bushe na aika aka sayo ƙwayar sabulu, na kunna shi ba kwano ko ɗaya a shirin digiri 70 don ya narkar da kitsen cikin tiyo. Na nuna wa yaran su riƙa kankare tuwo da kitse a shara kafin su jera, su wanke matatar da ruwan zafi duk mako. Ya yi sama da awa biyu yana aiki bai tsaya ba. Hajiya ta dubi agogo, ta dubi tulin tiren da ke jira, ta ce wa ƴan aikin su ɗauko baho.