Kakata, da matan da suke ɗauke da ikilisiya ba tare da albashi ba

Idan aka tashi ba da tarihin Baptis a Nijeriya, sunayen da ake ambata sanannu ne. Za a ce Thomas Jefferson Bowen ya iso daga Amurka a 1850, an kafa babbar tarayyar ikilisiyoyin a Ibadan a 1914, sannan ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa Yarbawa suka kawo ɗariƙar Arewa, suka dasa ta a garuruwan da layin dogo ya ratsa, kamar Kaduna da Zariya da Kafanchan. Duk wannan gaskiya ne, amma tarihi ne na maza da gine-gine, kuma babu gurbin mace irin kakata ta wajen uwa a cikinsa, alhali kuwa na tabbata cewa ba don irinta ba da yawancin waɗannan majami'u sun daɗe da zama kango.

Kaka ta rasu bana a Kafanchan bayan doguwar jinya. Ba ta taɓa shiga makarantar boko ba, a ajin yaƙi da jahilci na majami'a ta koyi karatu tana matar aure, domin kawai ta iya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa da kanta, tsohuwar fassarar nan ta 1932 wadda ba ta yarda ta rabu da ita ba ko bayan da sabuwa ta fito. Da wannan ɗan ilimi ta koyar da yara a makarantar Lahadi har sai da idanunta suka gaza, kuma cikin waɗanda suka zauna a tabarmarta akwai waɗanda yau fastoci ne, akwai malaman asibiti da malaman makaranta. Kowace Asabar da yamma ita ce ke gaba da tsintsiya, ta share majami'a, ta goge kujeru, ta cika randa da ruwa saboda masu zuwa sujada daga ƙauyuka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ziyararta. Idan mace ta haihu, Kaka ce za ta dama kunun kanwa ta kai. Idan aka yi rasuwa, ita ce za ta kwana a gidan makoki, ta tashi da asuba ta hura wuta, ta kuma ci gaba da leƙawa bayan jama'a sun watse, a lokacin da gwauruwa ta fi bukatar wanda zai zauna kusa da ita ko da ba zai ce komai ba. Ba ta tambayar addinin mai rashin lafiya kafin ta gaishe shi, shi ya sa maƙwabtanta Musulmi suke kiranta Mama kamar yadda mu ma muke kiranta, kuma ko bayan rikicin addini na 1987, da zukata suka yi tsami a garin, ba ta daina aika musu shinkafar Kirsimeti ba, su ma ba su daina aiko mata naman layya ba. Duk wannan da kuɗin ƙosan da take toyawa a bakin hanya ta yi shi, bayan ta cire zakka da baiko.

Ƙungiyar mata ta Baptis, wadda aka kafa a Nijeriya a 1919, da Zumuntar Mata da muka sani a ikilisiyoyin masu jin Hausa, cike suke da irin waɗannan iyaye. Su ne ke renon 'yan mata tun suna ƙanana har su shiga ƙungiyar Lidiya ta 'yan matan da suka tasa, su ne ke tara gudummawar aikin bishara kwabo-kwabo, su ne ke girki idan an yi babban taro. Kuma tun da tsarin Baptis ya bar wa kowace ikilisiya ikon tafiyar da al'amuranta ta hanyar taron membobi, babu wani ofishi a sama da za mu ɗora wa laifi idan aka manta da su. Mu ne muke kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗi, mu ne muke amincewa da sayen sababbin kayan kiɗa da tayil, alhali tsohuwar da ta share wannan daɓe tun yana na ƙasa tana gida ba ta da kuɗin maganin hawan jini.

A ganina wannan rashin adalci ne, kuma jana'iza mai armashi ba ta wanke shi. An yi wa Kaka anko, an buga hotonta a kalanda, mawaƙa sun cika fili da shantu da tulu, kuma ina godiya ga duk wanda ya zo. Sai dai a shekarunta na ƙarshe, da ƙafa ta hana ta fita, tsofaffin ƙawayenta na zumunta ne kaɗai suke zuwa a kai a kai, suna dogara sanda, su rera mata waƙa daga littafin waƙoƙi su yi addu'a su koma. Muna karanta labarin Tabita ta Yafa a Ayyukan Manzanni sura 9, inda gwauraye suka nuna wa Bitrus tufafin da ta ɗinka musu, muna kuma sane da cewa Bulus ya ambaci Loyis, kakar Timoti, da sunanta a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti. Idan manzanni sun ga ya dace a rubuta sunayen irin waɗannan mata, ban ga dalilin da zai sa littattafan ikilisiyoyinmu su tsaya ga jerin fastoci da dattawa ba.

Roƙona ga 'yan'uwa shi ne a kai maganar nan taron membobi na gaba. A ware wani kaso na baiko musamman domin magani da abincin tsofaffin da suka yi wa ikilisiya hidima, a naɗa matasan da za su riƙa ziyartarsu bi da bi, a kuma tura masu waya su naɗi muryoyinsu suna ba da labarin yadda aka fara sujada a ƙarƙashin itace da wanda ya ɗauko ruwan kwaɓa ƙasar ginin farko. A majami'armu saura mata kaɗan daga cikin tsarar Kaka, kuma mafi ƙanƙantarsu ta haura shekara tamanin.