Wani dai ya yanka yadi kafin ya auna mai riga

Ban kama sunan kowa ba, kuma ba zan kama ba. Wanda ya tsargu da shi ake.

Akwai wani bawan Allah da muka wayi gari ya maƙala "akitek na tsarin ma'aikata" a jikin sunansa a LinkedIn, ya ɗora hoton satifiket, jama'a suka yi ta zuba masa Allah ya sanya alheri. Ni ma na taya shi murna, kwalin wani bai taɓa tsone mini ido ba. Kuma ban ce na jabu ba ne. Abin da dai ya kamata masu tafa masa su sani shi ne jarrabawar TOGAF, wato kundin ƙa'idojin tsara fasalin ma'aikata da ake ba da wannan satifiket a kansa, hawa biyu ce. Hawan farko tambayoyi 40 ne, a jera maka amsoshi ka zaɓi ɗaya, duk mai kaifin hadda zai haye. A hawa na biyu ne ake kawo maka labarin ma'aikatu masu matsala har guda 8, a bar maka littafi a buɗe, a ce nuna mafitar da ta fi dacewa. In kun haɗu da shi, ku tambaye shi wanne daga ciki ya rataya a bangon ofis.

To, wata ƙaramar ma'aikatar ba da rance mai 'yan rassa ta ga harkokinta sun cakuɗe, shugabanninta suka ce a nemo masu tsara musu aiki. Mu da muke wannan sana'a muka je da tambayoyi, shi ya je da majigi. Shafin farko da ya haska wa manya farashin sabobi ne, wato manyan kwamfutocin ajiyar bayanai. Na biyu hoton ɗaki mai fitilu shuɗaye da kore, wanda ko makaho ya shafa ya san daga intanet aka kwaso shi. Manya suka gyaɗa kai, aka ba shi aikin. Allah ya sa rabonsa ne, ba wannan ya sa nake magana ba. Abin da ya sa nake magana shi ne har yau yana bin majalisu yana cewa mu 'yan zane-zane ne, masu ɓata wa mutane lokaci da takarda, shi kuwa ɗan aiki ne.

Tunda ɗan aiki ne, bari a tuna masa abin da ya haddace ya manta. Fannoni huɗu ne ginshiƙin wannan sana'a: fannin harkar da ma'aikata ke yi, fannin bayanai, fannin manhajoji, sai fannin na'urori da layukan sadarwa. Ba mu muka ƙirƙiro su don mu hana shi cin abinci ba. Ƙungiyar The Open Group ta fitar da TOGAF tun 1995, ta ɗora shi a kan wani tsari na ma'aikatar tsaron Amurka mai suna TAFIM, kuma bugu na 10 ya fito a 2022 da fannonin nan huɗu suna nan daram. Har harufa aka jera masa don kada ya ɓata a hanya: matakin B harka, matakin C bayanai da manhajoji, matakin D na'urori. Shi daga A, matakin fayyace manufar aikin, ya yi tsalle ya dira a D. In ma ya taka A ɗin ke nan.

Dalilin tsallen ba ɓoyayye ba ne. A cikin fannonin nan huɗu, guda ɗaya ne kawai ke da dila, da rasit, da kamasho. Babu kamfanin da zai kira ka gefe ya ce ga naka don ka zauna da mai karɓar kuɗi a kanta ka tambaye ta yadda take rufe lissafin yini.

Amma wannan zaman shi ne fannin farko. Ka bi rance guda tun daga ranar da ɗan kasuwa ya cike fom har ranar da kuɗi suka shiga hannunsa. Wa ke zuwa ganin shago? Wa ke tantance mai tsaya masa? Daga nawa ne manajan reshe ba shi da ikon sa hannu sai an aika hedikwata? In ya makara da biya, wa ke fara kiransa? Da mutumin ya yi wannan, da ya gano cewa akwai rancen ƙungiya da mata 'yan adashi ke karɓa tare, su biya tare duk mako, kowace ta tsaya wa 'yar uwarta. Manhajar da ya sayo ba ta san wannan ba sam. Mutum ɗaya ta sani, rance ɗaya, biya wata-wata. Yanzu in ka shiga reshe za ka ga sabuwar kwamfuta a kan kanta, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba, ita kuwa ma'aikaciyar ta jawo wani babban littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin tebur tana ja masa layi da rula. A littafin nan ainihin lissafin matan yake. Da yamma ta tattara jimla ta shigar wa kwamfuta da sunan shugabar ƙungiya, don a zauna lafiya.

Fannin bayanai kuwa, nan ne asiri ya tonu, kuma nan zan ɗan daɗe.

Tambayar da fannin ke yi mai sauƙi ce a baki: waɗanne abubuwa ma'aikata ke riƙe bayani a kansu, ina asalin kowanne yake zaune, wa ke da hurumin gyara shi, kuma ta wace hanya yake tafiya daga wannan ofis zuwa wancan? Abokin hulɗa, asusu, rance, jingina, mai tsayawa. Kowanne sai an yi masa ma'ana guda wadda kowa ya yarda da ita, an kuma ce ga rumbun da maganarsa ce ta ƙarshe in an samu saɓani. Duk wanda ya taɓa aikin bayanai a ƙasar nan ya san inda gizo ke saƙa. Mutum guda ne, amma a reshen kasuwa Muhammadu ne, a hedikwata Mohammed, a takardar mai tsaya masa Moh'd. Sunan uba wani lokaci ya zo gaba, wani lokaci sunan gari ya maye gurbinsa. Ranar haihuwa kuwa, sai ka rantse rabin gari 1 ga Janairu aka haife su. Da suna da ranar haihuwa kaɗai ba za ka taɓa raba mutane ba.

Shi ya sa ake dogara da lamba. To, ga inda gwanin namu ya nuna gwaninta. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, alƙaluma 11 ce. Lambar NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa alƙaluma 11 ce. Lambar wayar salula ita ma 11 ce. Shi sai ya sa aka buɗe gurbi guda a fom, aka rubuta masa "lambar shaida", duk abin da ya kai alƙaluma 11 ya wuce. Ba tantancewa, ba tambayar wace iri ce. Ma'aikaci ga layi ya yi tsawo, ga zafi, ga manaja na cewa a yi sauri, me kuke zato zai shigar in abokin hulɗa ya ce ya manta BVN ɗinsa a gida? Ka buɗe rumbun yau ka ga lambobin shaida jere suna farawa da 080 da 070. Ta haka Muhammadu ya zama mutum uku, kowannensu da rancensa, kuma kowannensu tsarin na cewa ba a binsa bashi a wani wuri daban.

Da aka kwashe tsofaffin bayanai daga takardun Excel na rassa zuwa sabon rumbu, ba wanda ya tsaya ya tace. Yadda suke da ƙura haka aka juye su. Ranar da shugabanni suka ce a faɗa musu abokan hulɗa nawa suke da su, sashen rance ya kawo adadinsa, sashen lissafi ya kawo nasa, manhaja ta fitar da na uku. Aka dubi akitek. Akitek ya ce matsalar netwok ce.

A fannin manhajoji ba a ce ka zama mai rubuta su ba. An ce ka san guda nawa ma'aikata ke da su, wacce ke ɗauke da wane aiki, ina biyu ke maimaita abu ɗaya, kuma ta wace ƙofa suke miƙa wa juna bayani. Ya tarar da ta lissafi, ya ƙaro ta rance, ya ƙaro ta aika saƙon tes, babu wadda ke gaisawa da wata. Wani yaro mai hidimar ƙasa aka ajiye da filash yana kwafa daga nan ya zuba can. Ranar da yaron ya gama hidima ya tafi garinsu, sai da rahoton wata ya tsaya.

Na'urorin da ya ci kamasho a kansu fa? Suna nan a ɗaki mai sanyi, janareta na shan gas dominsu dare da rana, aikin da ke kansu ko rubu'in ƙarfinsu bai kai ba. Kwafin ajiya kuma yana cikin ɗakin, a kan shiryayye ɗaya da asalin.

Ya taɓa cewa a wani taro za su "sayo Zachman" su girka. Na sunkuyar da kai don kunya ta kama ni a madadinsa. John Zachman mutum ne, ma'aikacin IBM, wanda ya wallafa maƙalarsa a mujallar kamfanin a 1987. Abin da ya kawo jadawali ne na rarrabe tunani. Da ginshiƙai uku ya fara, a 1992 shi da John Sowa suka cika su shida: mene ne, ta yaya, a ina, wane ne, yaushe, don me. Ba a sayensa, ba a girka shi, cike shi ake yi da amsoshi. Mutuminmu a cikin shidan nan babu wadda ya amsa. Tasa tambayar ta bakwai ce: nawa ne?

Game da zagin da yake mana na 'yan takarda, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba zan ƙi ba. A sana'ar nan akwai masu tara kundi mai kauri wanda ba mai buɗewa, su karɓi kuɗi su tafi. TOGAF ɗin ma da kansa cewa ya yi a rage shi, a daidaita shi da girman ma'aikata. Ƙaramar ma'aikatar rance ba ta buƙatar abin da gwamnatin Amurka ta buƙata lokacin da dokar Clinger-Cohen ta 1996 ta ɗora wa hukumominta tsara fasalin fasaharsu, har aka fitar da tsarin fasalin hukumomin tarayya mai suna FEAF a 1999. Shafuka kaɗan sun ishe ta: ga yadda muke yau, ga inda muke son zuwa, ga giɓin da ke tsakani, ga abin da za a fara da shi. Amma ragewa daban, tsallakewa daban. Ko a gida, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar da tsarin fasalin hukumomin gwamnati a 2019 saboda irin wannan ciwon, kowace hukuma da rumbunta, ba mai jin yaren wani.

Ban ma taɓo tsaro ba, wanda ke ratsa dukkan fannonin huɗu. Dokar kare bayanan jama'a ta fara aiki tun 2023, amma jerin sunayen masu bashi, da lambobin wayarsu da adireshin gidajensu, a zauren WhatsApp na ma'aikata ake tura shi duk safiya, har da waɗanda suka bar aiki ba a cire su ba. Kalmar sirrin shiga rumbun kuwa guda ce ga kowa da kowa, tana manne a jikin allon kwamfutar manaja da 'yar takarda rawaya.

Kwanan nan na ji an ce ya koma wurin manyan da sabon majigi. Wai yanzu ƙirƙirarriyar basira zai kawo musu, ta riƙa duba bayanan abokan hulɗa tana faɗin wanda ya cancanci rance da wanda bai cancanta ba. A kan wannan rumbun dai, inda Muhammadu yake mutum uku, matan adashi kuma suke cikin littafi mai baƙin bango. An ce manya sun gyaɗa kai, har an sa kuɗin a kasafin baɗi.