Ku matso kusa da murhu tun masu shi suna raye

Assalamu alaikum ƙannena, samari da 'yan matan Garwa, Marwa da Ngaundare.

Kwanakin baya wani yaron unguwarmu da ke karatu a Yawunde ya zo hutu. Mahaifiyarsa ta tuƙa masa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka. Ya buɗe kwanon, ya yamutsa fuska, ya ce warin daddawa ya yi yawa, a dafa masa taliya. Uwar ba ta ce uffan ba, ta ɗauke kwanonta ta koma ɗaki. Ina zaune a zaure na ga abin, kuma har yau bai bar raina ba, domin ni ma na taɓa yin irinsa.

Kakata, wadda muke kira Iya, daddawa take yi ta sayar. Na tashi ina ganin tukunyar kalwa ta kwana a kan wuta. Da safe a surfa ta, a wanke ɓawon, a sake dafawa, sannan a juye a kwando a lulluɓe da ganye, a ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa yadda ake so. Daga nan a kirɓa, a mulmula, a shanya a rana. Iya ba ta da agogo, ba ta da ma'auni. Hancinta kawai take kai wa bakin kwandon ta ce "da saura", ko ta ce "ta yi". Lokacin ina makaranta kunyar wannan wari nake ji, don yana bin rigata har cikin aji. Sai da neman abinci ya kai ni Duwala, na yi wata da watanni ina cin ndole da bobolo, sannan na gane abin da nake gudu. Abincin mutanen kudu ba shi da laifi, na ci na ƙoshi. Amma ran da na shiga gidan wata Bahaushiya na jiyo ƙamshin daddawa a miya, sai da na koma gefe na share hawaye. Iya ta rasu ban tambaye ta komai ba. A jikokinta kaf babu wanda ya ɗauki hannunta, Allah Ya jiƙanta.

Ku dubi halin da muke ciki, mu Hausawan Kamaru. A kasuwa Fulatanci ake ciniki da shi, a makaranta da ofis Faransanci. Akwai gidaje da yawa da kakanninsu suka zo fatauci daga Kano, Katsina ko Zazzau, amma jikokin yau ba sa iya haɗa jimla uku da Hausa. Idan harshe ya fara suɓucewa, tukunya ce kan daɗe tana riƙe da gida. Yaron da ba ya jin Hausa sosai har yanzu ya san kunun tsamiya da ƙosai ake buɗa baki da su, ya san waina da miyar taushe ta ranar suna ce, ya san ba a sa hannu a kwano kafin babba. A gaban kwanon nan muka koyi cin gabanmu, muka koyi bar wa ƙarami loma ta ƙarshe, muka koyi ɗiban na maƙwabci kafin a zuba na gida.

Kuma tuwonmu ba kwafin na Kano ba ne, wannan nake so ku riƙe. Dawar muskuwari da ake dasawa a ƙasar karal, wato laka mai riƙe ruwa, ta Diyamare da ke yankin Marwa bayan ɗaukewar damina, a girbe ta cikin sanyi, tana da nata garɗin. Yakuwar da muke ce wa folere, da tafasar da maƙwabtanmu Fulani ke kira tasba, da daddawar 'ya'yan yakuwa da ake kira mbuja, da giwan ruwan Binuwai da na tafkin Lagdo, duk sun shiga tukunyar iyayenmu mata sun zauna. Wanda ya ɗanɗana miyar Bahaushiyar Garwa zai ji zaman da muka yi da Fulani da Barebari da sauran ƙabilu a cikinta. In ta ɓace, babu inda za mu je mu aro ta.

Samari, kada ku ce wannan zancen mata ne. Kilishin Ngaundare da matafiya ke cika jaka da shi kafin su hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde, hannun maza ne ke yin sa. Tsiren unguwar Briketeri ta Yawunde da 'yan kudu ke yi wa layi da dare, shi ya ciyar da gidaje, ya biya kuɗin makaranta, ya kai tsofaffi Makka. Shimfiɗa tsoka da wuƙa har ta yi laƙai-laƙai kamar takarda ba tare da ta huje ba, da haɗa labu a san adadin tunkuza da citta da kanumfari da masoro, ilimi ne da ake shekaru ana koyo a gaban babba. Na san 'ya'yan mahauta da ke ɓoye sana'ar ubanninsu a gaban abokai, alhali da ita aka saya musu wayar da ke hannunsu.

Haka abin yake a ɓangaren abin da ido da kunne ke so. Mahaifina ba ya rabuwa da kaset ɗin Mamman Shata. Shata ya rasu tun 1999, amma duk inda na ji an ɗaure kalangu, zauren gidanmu nake gani da buta da tabarma. Rabin karin maganar da ke bakina daga wannan rediyon na tsince ta, saura daga tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Iya ke mana bayan sallar isha'i. Ban ce ku daina jin makosa ko waƙoƙin zamani ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma ku ma kuna da naku zamanin. Tambayata ɗaya ce: ran da aka miƙo maka jaririnka yana kuka, me zai zo bakinka ka rarrashe shi da shi? Abin da kunne ya sha tun yarinta shi ke fitowa a irin wannan lokaci.

Ku je kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa ku tsaya a gaban baduku, ku ga yadda jemammiyar fata ke zama takalmi da jaka. Ku dubi hular da ke kanku, ku tambayi sunan ɗinkin. Ku nemi allon zayyanar da aka yi wa yayanku ran saukar Alƙur'ani, in yana jingine a bayan ƙofa ku kakkaɓe shi. Ran hawan sallah, idan algaita da kakaki suka tashi a ƙofar Lamiɗo, ku sauke wayar na ɗan lokaci ku saurara da kunnenku.

Abin da nake roƙonku ba shi da yawa. Kowa ya zaɓi girki ɗaya na gidansu da sana'ar hannu ko waƙa ɗaya, ya bi mai ita har ya iya. Ka ce, "Inna, yau ni zan kaɗa miyar, ki tsaya a kaina." Ki ce, "Gwaggo, nuna min yadda kike kwaɓa lalle ya kama haka." Za su yi muku faɗa, za su ce kanwa ta yi yawa, tuwon ya yi gudaji. Ku jure. In kuna so ku ɗauka a waya ku ɗauka, amma ku sa hannu, don hoto ba ya koya wa hanci sanin lokacin da kalwa ta yi.

Ni kam na samo wata ƙanwar Iya da ta rage a raye, idonta ya yi rauni amma hancinta na nan. Na sayi kalwa kwano biyu, ta ce in zo ranar Asabar bayan la'asar, in taho da itace mai yawa.