Wai ba a ƙirga kayan aiki

Aikin dare nake yi a wani gidan kula da tsofaffi a Mancesta. Daren Talata, yayyafin nan nasu da ba ya tsayawa yana ta zuba, hita na ƙugi, ɗakin ma'aikata duk warin shayi da jiƙaƙƙun rigunan sanyi. Injinan ɗaga marasa lafiya biyu suka ƙi tashi, na rubuta a littafin miƙa aiki: "The equipments are not working." Da safe wata yarinya, sa'ar autarmu, ta ɗauki biro ta soke "s", ta mai da "are" ya zama "is", ta yi mini murmushin nan da bai wuce leɓe ba.

Ni da na ci Turanci a WAEC tun ba a haife ta ba!

Gaskiyarta, na yarda. A wurinsu "equipment", "furniture", "advice" da "luggage" tamkar gari ne, ba a ƙirga su. To amma injina biyu ne, da idona na ƙirga. Kuma masu wannan dokar su ne za su ce "ten pounds is enough", alhali fam goma ne. "News" ga "s" ƙuru-ƙuru, sai "is". "Police" babu "s", sai "are". "A number of people are", amma "the number of people is". Baturen Ingila ya ce "the team are", na Amurka ya ce "is". Kantin Tesco kansa sai da aka matsa masa a 2008 kan allonsa na "10 items or less", wai "fewer" ya kamata, ba "less" ba. Masu abu ma ba su gama shiryawa ba.

Mu fa? Kuɗi asalinsa jam'in wuri ne, wurin nan da ake ciniki da shi a zamanin da. Wani ya ce kuɗin ya ƙare, wani ya ce sun ƙare, ciniki ya faɗa a Kurmi ba wanda ya ɗauko jan biro. Basakkwace ya ce ruwa sun zo, Bakano ya tsokane shi, a yi dariya a ci tuwo tare. Can ma ana gyara wa mutum magana, amma da baki, ido cikin ido, ba a littafin da kowa zai buɗe ba.

Da na sauka daga bas na kira Hajiya. Na ce, "Hajiya, kuɗin sun shigo?" Ta ce, "Ya shigo, Allah ya yi albarka. Yaushe za ka zo?" Na ce mata katina ya kusa ƙarewa.