Kafin a sayo wa ɗalibai manhajar sauraron damuwa

Kwanakin nan ana ta yaɗa maganar cewa ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ita za ta yi maganin damuwar da ke cin ɗalibai a makarantu. Wai a ba kowane yaro manhajar da zai riƙa hira da ita, ta saurare shi, ta lallashe shi, in ta ga abin ya yi tsanani ta sanar da hukumar makaranta. Ni malamin sakandare ne, kuma ba na cikin masu ganin duk abin da ya fito daga kwamfuta sharri ne. Amma matsayina a kan wannan a fili yake. Makarantar da ba ta da mutumin da zai miƙe ya je wurin yaro idan manhajar ta yi ƙara, kada ta ɓata kuɗinta, domin tana iya jefa yaron cikin abin da ya fi wanda yake ciki.

Masu tallar abin suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Ka ɗauki aji mai ɗalibai 70, irin wanda muka saba shiga, lissafin ya ba ka goma. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan asibitoci suke, irin su Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da na Maiduguri. Wane uba ne zai ɗauki 'yarsa ya kai Dawanau don ta daina cin abinci tana kuka da dare? Yana tuna ranar da za a zo bincike in an tashi neman aurenta. Dokar ƙasa a kan masu taɓin hankali ma, wadda aka yi ta aiki da ita tun 1958, sai a Janairun 2023 aka maye gurbinta, da Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ga kuma namu na daban da ya hau kan wannan. Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. An yi murnar waɗanda suka dawo, an ɗau hoto da gwamna, amma wa ya zauna da su bayan nan? Wa ya zauna da dubban da ba a sace ba, waɗanda ƙarar babur da daddare ke hana su runtsawa a hostal? Ko jarrabawa kaɗai ta isa. A 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000, shugabanta ya yi hawaye a gaban 'yan jarida, amma kafin nan yara sun sha faɗa a gida, an kira su daƙiƙai, an goranta musu kuɗin fom.

To a irin wannan hali, rashin uwa ne ke sa a yi uwar ɗaki. Kuma yaran ba su jira izininmu ba. Tun da Meta AI ya shigo cikin WhatsApp a 2024, duk yaron da ke da waya yana da abokin hira a aljihu. Wani ɗalibina na SS2, yaro shiru-shiru wanda makinsa ya zube cikin zango ɗaya, shi da kansa ya miƙo min wayarsa bayan an tashi. Hira ce doguwa, rabi Turanci rabi Hausa, yawancinta bayan sha biyun dare. Kasuwar mahaifinsa ta karye, gida ya rikice, shi ne babba, kullum ana ce masa ya yi haƙuri ai shi namiji ne. Na tambaye shi me ya sa bai zo wurina ba. Ya ce, "Malam, ita ba ta gajiya, kuma ba za ta faɗa wa kowa ba." Na karanta amsoshin, kuma gaskiya babu rashin mutunci a ciki. Ta tausaya masa, ta koya masa jan numfashi a hankali, ta ce ya nemi ƙwararre. Sau da yawa ta maimaita wannan shawara ta neman ƙwararre, shi kuma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Domin ofishin malamin ba da shawara a makarantarmu, in ka buɗe shi, karyayyun kujeru ne da tulin tsofaffin takardun jarrabawa da gara ta fara ci. Malamin yana nan, mutumin kirki, amma an ɗora masa darussa a azuzuwa har ba ya samun zama. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi wannan aiki a rubuce. A aikace, ɗalibi ba ya zuwa wurinsa sai an kama shi da laifi.

Masu cewa bincike ya tabbatar manhajojin nan suna aiki, su riƙa karanta binciken har ƙarshe. Wanda aka fi ambata shi ne na Jami'ar Dartmouth a Amurka, da aka wallafa a 2025, a kan wata manhaja mai suna Therabot. An gwada da mutum 210, kuma waɗanda suka yi amfani da ita damuwarsu ta ragu sosai. Sai dai duk manya ne, ba yara ba. Sannan masu binciken suna bibiyar hirarrakin, a shirye su sa baki in wani ya nuna alamar cutar da kansa. Wato ko a can, akwai mutum a tsaye a bayan na'urar.

Inda ba a tsayar da mutum ba, mun ji abin da ya faru. A 2024 wani yaro ɗan shekara 14 a jihar Florida ya kashe kansa bayan watanni yana hira da wata manhaja ta Character.AI, mahaifiyarsa ta kai kamfanin kotu. A 2025 iyayen wani ɗan shekara 16 a California suka maka OpenAI, kamfanin da ya ƙirƙiro manhajar ChatGPT, a kotu a kan irin wannan rashi, kuma bayan nan ne kamfanin ya fito da hanyar da iyaye za su sa ido a kan asusun 'ya'yansu. Tun a 2023 wata ƙungiya mai taimaka wa masu larurar cin abinci a Amurka ta dakatar da manhajarta Tessa, bayan an same ta tana ba masu wannan larura shawarar rage ƙiba. Jihar Illinois kuwa a Agustan 2025 doka ta kafa, ta hana AI yin aikin likitan damuwa ita kaɗai. Abin da ke damuna a nan shi ne yawancin manhajojin hira an gina su ne su riƙe ka kana magana, kuma suna da saurin bin ra'ayin mai magana. Yaron da ya ce shi ba shi da amfani a duniya, wanda zai kalle shi ido da ido ya ƙaryata shi yake buƙata.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗaya nau'in, na sa ido. A Amurka makarantu da yawa suna biyan kamfanoni irin su Gaggle da GoGuardian su riƙa duba abin da ɗalibai ke rubutawa a kwamfutocin makaranta, in suka ga kalmar haɗari su aika saƙo. A 2025 'yan jarida da suka nemi bayani a kan wannan tsari a makarantun Vancouver ta jihar Washington, sai suka tsinci kansu da takardun sirrin ɗalibai kusan 3,500, da sunaye da komai, babu ko makulli. A ƙasar da ake tsoron lauya ke nan.

Yanzu ka kawo shi nan. Yarinya 'yar SS1 ta rubuta cewa wani a gidansu yana taɓa ta, ko ta gaji da rayuwa. Saƙo ya faɗo wayar wa? Ta firinsifal? Shi zai kira matiron, matiron ta kira malamar aji, kafin azahar an gama zancen a ofishin malamai, kafin magariba ya isa hostal. Duk wanda ya koyar ya san yadda magana ke yawo a makaranta. Daga nan a kira uban, wanda wataƙila shi ne tushen matsalar. Wani ya ce iska ce a yi ruƙiyya, wani ya ce iskanci ne a sa bulala. Ba ina raina addu'a ba, ni ma da ita na dogara, amma yarinyar da ake cutarwa a gida tana buƙatar a raba ta da mai cutar da ita. Kada kuma a manta, a kundin dokokin hukunta laifuka na Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, yunƙurin kashe kai laifi ne da ake iya ɗaure mutum a kansa. Mun ce wa yaro ya buɗe cikinsa ga na'ura, alhali an tarbiyyantar da shi cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sannan mu ajiye abin da ya faɗa a inda za a iya juya shi ya zama hujja a kansa. Akwai dokar kare bayanan sirri ta 2023, wadda ta ce sai da amincewar iyaye za a tattara bayanan yaro. Makarantu nawa ne suka taɓa karanta ta?

Inda nake ganin AI za ta yi amfani shi ne a hannun malami. Malamin aji da bai taɓa samun horo ba zai iya koyon alamomin damuwa, ya gwada yadda ake buɗe magana da yaro ba tare da tsawa ko wa'azi ba, ya san lokacin da abu ya wuce ƙarfinsa. Za ta iya haɗa abin da ke warwatse a littattafanmu: rajistar aji ta nuna yarinya tana fashi, littafin asibitin makaranta ya nuna kowane mako tana zuwa da ciwon kai ana ba ta farasitamol, makinta na faɗuwa, amma ba wanda ya taɓa ajiye ukun a tebur ɗaya. Wannan ba ya buƙatar a leƙa sirrin kowa.

Mutumin kuma ba dole sai likita ba. A Zimbabwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya fara horar da tsofaffin mata tun 2006, suna zama a benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa. Da aka gwada tsarin aka wallafa sakamako a 2016, waɗanda suka zauna da kakannin nan sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Mu ma muna da irinsu. Kowace makarantar kwana tana da wata Baba mai dafa abinci ko wata malamar Islamiyya da yara ke bi da kansu, saboda sun san bakinta a rufe yake. A zaɓe su, a horar da su, a rage musu wani aikin, a ba su lambar ma'aikacin lafiyar da za su kira.

Na san yadda abubuwa ke tafiya. Horar da mutane ba ya da kwangila mai maiƙo, ba a yanka kirtani a kansa, manhaja kuwa ana ƙaddamar da ita da rumfa da jawabi. Saboda haka iyaye, in aka kawo maganar a taron iyaye da malamai, kuma aka ce ku ƙara wani abu a kuɗin makaranta, ku nemi a faɗa muku sunan wanda saƙon zai je wayarsa da ƙarfe biyun dare, da horon da ya samu, da wanda zai iya karanta abin da 'ya'yanku suka rubuta, da ranar da za a goge shi. In aka fara kame-kame, ku ce a fara kwashe kujerun nan daga ofishin malamin ba da shawara, a rage masa darussa, a dawo da maganar manhaja a zango mai zuwa.