A ƙyale yaran nan su auna ruwan sama

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Kun dai ga abin da aka yi wa yaran nan a taron Daura. Ƙungiya ta ɗauki nauyin matasa, ta koya musu auna ruwan sama da gwangwani, da kuma ƙirga dashen da ya rayu, don a kai wa masu tsara doka. Sai wani dattijo ya miƙe wai "gwangwani za mu ci?" Aka kwashe da dariya, yaran suka sunkuyar da kai.

Baba, da girmanka, amma ba ka kyauta ba.

Manomin Baure da na Zango ba sai an gaya musu damina ta canza ba, wanda ya yi shuka biyu kafin gero ya kama ya sani. To amma je ka Abuja ka faɗi haka, tambayar farko ita ce: ruwan ya ragu da nawa? Wa ya auna? Shi ke nan, bakinmu ya mutu.

Tun 2007 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin ganuwar bishiyoyi don tare hamada, Katsina na cikin jihohi 11 da ya shafa. A 2021 Buhari, ɗan garin nan, ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Bankin Duniya ya ware dala miliyan 700 wa shirin ACReSAL don farfaɗo da ƙasar Arewa. Duk wannan da alƙaluma ake rabonsa. Mu da muka yi dashe a unguwanninmu, wa ya koma da bazara ya ƙirga nawa suka tsira daga awaki? Ambaliyar Jibiya ta 2018 ta ci mutum fiye da 40 cikin dare ɗaya. Yau a ƙauyukanmu wa ke rubuta ruwan da ya sauka jiya? Wa ya auna?

Kar wani ya ce mini ana yunwa. Ni ma da kuɗina nake auno tiyar gero, na sani. Buhun shinkafa sati biyu ne, yaron da ya iya riƙe littafin awo kuwa shekara goma zai yi yana yi wa garinsu magana da hujja. Masu cewa kuɗin Turawa ne kuma, ba ni da lokacinku.

Ƙannena, ku riƙe gwangwanayenku. Allah ya yi muku albarka.

Af, na tuna. Maƙwabtanmu na Maraɗi da sassabin zamani suka dawo da itatuwansu, wato barin tohon kututture ya girma a gona. Gonar kakana da gawo na san ta, yana zubar da ganye da damina, gero na yin kyau a gindinsa. Masu gawayi sun gama da su. Don Allah wanda ya san inda zan samu irin gawo a Mai'aduwa ya yi mini magana.