Ba kowace magana mai ɗaci ce magani ba

Kowane wurin aiki yana da irin mutumin nan. Zai zazzage maka laifinka a gaban jama'a, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Ka san ni ba na ɓoye-ɓoye, gaskiya ɗaci gare ta." A ganina, yawancin masu wannan kirari ba gyara ne a gabansu ba, so suke su huce. Mai nufin gyara yakan damu da ko maganarsa ta shiga.

A 1996 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Avraham Kluger da Angelo DeNisi, sun tattara sakamako 607 daga binciken da aka yi kan gaya wa mutum yadda aikinsa ya kasance. A dunƙule abin yana da amfani, amma a fiye da kashi ɗaya cikin uku, aikin baya ya ci bayan an yi maganar. Bayaninsu shi ne, da zarar magana ta ɗauke hankalin mutum daga aikin ta mayar kan kansa, ya fara tunanin ko an raina shi ne, to an yi asara. "Ba ka da natsuwa" ba ta nuna wa kowa abin da zai gyara gobe. "Lissafin shafi na biyu bai daidaita ba" tana nunawa.

Farkon fara rubutuna, wani edita ya kira ni, ya turo ƙofa, ya ce, "Malam, zauna." Ya ɗora yatsa a sakin layi na uku: "Sau uku na karanta nan, ban gane wa ya cuci wa ba. Faɗa mini da baki." Na faɗa. Ya ce, "To, haka za ka rubuta." Ban ji daɗi ba, kada in yi ƙarya. Na fita ina ta kare kaina a zuci, sai da dare da na sake karantawa ni kaɗai na ga gaskiyarsa. Da ya tsare ni a lokacin sai na amsa laifi, da na kafe. Mutum ba kasafai yake sauya ra'ayi a gaban mai yi masa gyara ba, sai bayan an rabu, inda babu mai ganin ya sauko.

Sai dai kada wanda ake wa gyara ya samu mafaka a nan. A 1847, a wani asibitin birnin Vienna, likita Ignaz Semmelweis ya sa likitocin da ke fitowa daga binciken gawa su riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa. Mace-macen suka ragu daga kusan kashi 18 cikin 100 zuwa kusan 2. Likitoci da yawa suka ƙi karɓa, don karɓar tana nufin da hannunsu cutar ke yaɗuwa. Shi kuma daga baya ya riƙa rubuta musu wasiƙu a bainar jama'a yana kiransu masu kisa. Ya rasu a 1865, ba a gama yarda da shi ba. Zafin harshensa ya ɓata masa, ba shakka, amma matan da suka ci gaba da mutuwa ba harshensa ne ya kashe su ba.

An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma duk muna faɗa, galibi idan kayan wani ne suka karkace. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ni har yau idan aka ce rubutuna da matsala, sai in ji jikina ya ɗau zafi. Iyakar abin da na koya shi ne in ce, "Nuna mini wurin," sannan in bar amsa sai an kwana.